Sunan Amatullah a Jikin Gora

"Ɗan matso da wayar, Yaya Mahadi — man nake so a gani yana tasowa, ba fuskata ba!"

Amatullah ce mai maganar. Tana tsaye gaban turmi a tsakar gidansu da ke Ƙarfi, tana juya markaɗaɗɗiyar gyaɗa da taɓarya, tana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Mijinta Mahadi ya durƙusa a gefe da waya a hannu, yana ɗaukar bidiyo.

"To laifina ne? Wayar ce da kanta take karkata wajenki."

"Kai dai! Tsohuwa na jin ka fa."

"Ina ji," in ji Tsohuwa, mahaifiyar Mahadi, daga bakin ƙofar ɗakinta inda take tsintar gyaɗa a faifai. "Ni dai kada ƙulin can ya ƙone ana wasa da waya."

Suka yi dariya. Da man ya taso garai-garai a saman tunkuza, Amatullah ta gyara murya. "Assalamu alaikum, kwastomomina. Gyaɗar nan daga gonarmu take, jiya muka soya, yau muke matsa. Babu gauraye, babu ƙari. Mai so ta turo saƙo kafin Laraba, motar Funtua da safe take tashi." Ta ɗora bidiyon a sitatus ɗin wayarta. Kafin ta kwashe ƙuli daga kasko saƙo uku sun shigo.

Shekara biyu ke nan da aurensu. Mahadi manomi ne, gyaɗa da masara yake yi a gonar gadonsu. A da, in kaka ta yi, sai ya kai gyaɗar kasuwa a buhu 'yan sari su saye yadda suka ga dama. Amatullah ce, wadda ta tashi a Funtua ta koyi matsar mai wurin kakarta, ta ba shi shawarar su riƙa matsawa da kansu. Matsar ba ta ba su wahala ba. Samun mai saye shi ne aiki, don a Ƙarfi kusan kowane layi akwai mai matsar mai.

Sai ta fara da ƙananan gorori. Duk bikin da ta je, ko suna, ko walimar Islamiyya, sai ta tafi da 'yan gororin da ƙullin ƙuli ta raba ɗanɗano kyauta, ta ce a soya ƙwai da shi a ji. Mahadi kuma ya je Malumfashi aka buga musu sitika: hoton gyaɗa, sunan Amatullah da manyan baƙaƙe, lambar wayarta a ƙasa. Ranar shuka ta ɗauki bidiyo ta nuna, ranar cira ta nuna, haka ranar shanya. Mata suka fara tura wa juna. Wata Hajiya Hansai mai gidan abinci a Funtua ta gwada sau ɗaya, daga nan ba ta sake suya da wani man ba, kuma duk wanda ya yaba miyarta sai ta karanto masa lambar Amatullah.

Ana cikin haka, wata Asabar yayanta Almustapha ya zo daga Funtua. Shi ne ɗan farin mahaifiyarsu, Inna Hajjo, kuma tun rasuwar mahaifinsu shi ke riƙe da gidan da ɗan shagon kayan masarufi da yake da shi a kasuwa. Bayan ya ci abinci ya wanke hannu, ya ɗauki gora ɗaya yana jujjuyawa.

"Amatu, kin san mutum nawa ke zuwa shagona suna tambayar man nan? Sun ji ke ƙanwata ce. Sai in ce babu. Kullum babu!"

"Yaya, iya abin da hannuna ke iya matsawa ke nan. In kana so, duk sati sai in riƙa ware maka wasu."

Ya yi dariya. "Ba gora nake so ba, sitika nake so. Akwai man jarka da ake kawowa da araha. Sai a zuba naki kaɗan a kai don ƙamshi, a liƙa sunanki. Wa zai gane?"

Amatullah ta dubi Mahadi. Mahadi ya sunkuyar da kai, don ba ya son shiga tsakanin wa da ƙanwa.

"Ni zan sani, Yaya. Kullum sai na ce wa matan nan babu gauraye. Da bakina nake faɗa."

"Ai talla ce! Kowa haka yake cewa."

"Ni dai ka yi haƙuri."

Ya miƙe yana kaɗe riga. "Lallai Amatu, an yi arziki." Ya ce gorar da ke hannunsa tsarabar Inna ce, ya sa ta a leda ya fita.

Washegari bayan la'asar Inna Hajjo ta kira. Ba ta kama sunan ɗan farinta, sai dai ta ce "yayanki".

"Yayanki ya zo miki da buƙata, kika sallame shi hannu biyu? 'Yar takarda fa ya roƙa, takarda! Shi da ya tsaya a aurenki, ya yi miki kayan ɗaki har da su kujeru?"

"Inna, ban manta ba. Amma sunana ne a jikin takardar, mutane kuma sun yarda da ni."

"To riƙe sunanki ki ci." Ta kashe wayar.

Amatullah ta share hawaye ta koma bakin murhu. Ta ɗauka maganar ta mutu a nan.

Bayan wata biyu, wata safiyar Litinin, Hajiya Hansai ta kira. Ko gaisuwa ba ta tsaya an gama ba.

"Amatullah, me na yi miki? Man da kika aiko ya ƙare min, na ga naki a kasuwa na saya. Ina ɗorawa a wuta kumfa ya taso har ya zubo a murhu! Ga wari kamar tsohon man suya. Kifin duka sai zubarwa na yi, mutane na zaune suna jiran abinci!"

"Innalillahi! Hajiya, ni ban kai mai kasuwa ba. A wane shago kika saya?"

Hajiya ta kwatanta mata shagon. Amatullah ta nemi bakin turmi ta zauna. Shagon Yaya Almustapha ne. Da Hajiya ta turo hoton gorar, Amatullah ta ga komai: sunanta, lambarta, hoton gyaɗar, sai dai launin ya ɗan koɗe. Ashe gorar da ya ce tsarabar Inna ce ya kai aka kwaikwayi sitikar.

Kafin azahar saƙonni sun cika wayar. Wannan ta ce a soke odarta, waccan ta ce cikin 'ya'yanta ya ɓaci. Ta kuma rubuta a guruf ɗin matan unguwarsu cewa ashe duk bidiyon nan yaudara ce. Larabar nan ko gora ɗaya ba ta hau motar Funtua ba.

Tsohuwa ta ɗaure fuska da ta ji labarin. "Ɗana ya sha rana damina guda, danginki sun zo sun kwashe a tsaye! Ko dai a kai shi ƙara, ko ki fito a wayar nan taki ki kama sunansa duniya ta ji."

Amatullah ta shiga ɗaki ta kira Inna Hajjo tana kuka. Inna ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Kuskure ne, ya yi. Amma in kika kama sunan yayanki a bainar jama'a, ko kika bari mijinki ya kai shi gaban hukuma, ban yafe miki ba. Kin ji na faɗa miki."

Da ta faɗa wa Mahadi, ransa ya ɓaci yadda ba ta taɓa gani ba.

"Wato mu ne za mu ɗauki dattin, shi ya zauna da farar riga? Shekara biyu muna gina abin nan, Amatullah!"

"Na sani, Yaya Mahadi. Amma uwata ce ta—"

"Ko dai da saninki aka yi? A gabanki ya ɗauki gorar, ba ki ce uffan ba."

"Ni? Yaya Mahadi, ni?"

Ya saɓi fartanya ya fita.

Kwana uku babu abin da ke haɗa su sai gaisuwa. Tsohuwa kuma ta ce, yadda kowa zai ji, in yarinya danginta ta zaɓa, ai hanyar Funtua ba a rufe take ba. Amatullah ta ji, amma ba ta haɗa kaya ba. Ta yi girki, ta yi shara, ta kai wa Tsohuwa ruwan alwala kamar kullum. In ta gama sai ta zagaya bayan rumbu da wayarta.

A rana ta huɗu Mahadi ya dawo daga gona da hantsi don ɗaukar igiya da ya manta. Sai ya jiyo muryarta a bayan rumbu, ya tsaya. Saƙon murya take aika wa kwastomomi ɗaya bayan ɗaya. In kuka ya ci ƙarfinta sai ta goge saƙon, ta share ido, ta sake daga farko.

"Kin yi gaskiya, Maman Zubair," ya ji tana cewa, "sunana ne a jiki, don haka ni ya kamata in gyara. Ba nawa ba ne, wallahi, amma ba zan ce ki yarda da baki kawai ba. Don Allah kada ki ba yaran sauran. Yaya cikin nasu yanzu?"

Matar nan ita ce ta zage ta a guruf, Mahadi ya ga rubutun da idonsa. Kunya ta kama shi. Ya zagaya ya tsuguna gabanta.

"Amatu."

Ta ɗago da jajayen idanu.

"Na faɗi maganar da bai kamata ta fito daga bakina ba. Na san ba ki da hannu, tun ina faɗa na sani. Ki yafe min."

Ta rufe fuska da mayafi ta yi kuka mai isarta, shi kuma ya jira. Da ta natsu ta ce, "Ba zan iya tona asirin Yaya ba. Ba kuma zan iya yi wa mutane shiru ba. Na yi tunani kwana uku. Mu fito mu ce akwai na jabu a gari, ba sai mun kama sunan kowa ba. Duk wadda ta saya ta kawo gorar, mu canza mata da namu kyauta."

"Kyauta? Da wace gyaɗar?"

Ta dubi rumbun. A ciki akwai buhunan da Mahadi ya ajiye tun kaka, yana jiran su yi daraja ya sayar ya sayi babur, don ya gaji da tafiya gona a ƙasa. Ya daɗe yana kallon rumbun shi ma.

"Babur ɗin ya jira," ya ce.

Da Tsohuwa ta ji, ta tafa hannu. "Ku biya ɓarnar da wani ya yi? Mahadi, an shanye ka ne?"

Ya durƙusa gabanta. "Tsohuwa, ki yi haƙuri ki bar mu mu gwada. Matata ba ta yi laifin komai ba. In ta bar gidan nan a kan wannan, ni na zalunce ta."

Tsohuwa ta shige ɗaki. Amma washegari da aka fito da buhun farko, ita ce ta fara jawo faifai.

A wannan karon Mahadi da kansa ya tsaya gaban waya, ga rumbu a bayansa. Ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce akwai man da ake sayarwa da sitikar matarsa wanda ba nasu ba ne. Amatullah ta karɓa ta nuna sabon tsari: kowace gora murfinta a liƙe, kuma ita da hannunta za ta rubuta ranar matsa a jikin sitika da biro, ta sa hannu. Daga yau kuma babu mansu a kowane shago, sai daga hannunta kai tsaye. Ta rufe da cewa, "Duk wadda ke da shakka, ƙofarmu a buɗe take. Ki zo Ƙarfi ranar Asabar ki gani da idonki."

Asabar ta farko babu wadda ta zo. Ta biyu ma haka. Amatullah dai ta ci gaba da canza gorori, Mahadi na kai su Funtua yana dawowa da na jabun. A Asabar ta uku sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Hajiya Hansai ce da mata uku.

"Na zo ne in gani," ta ce, fuska babu walwala. "Ba gaisuwa ta kawo ni ba."

Aka shimfiɗa musu tabarma. A gabansu aka soya gyaɗa, aka murje, aka kai inji aka markaɗo, aka zuba a turmi. Hajiya ta naɗe hannun riga ta karɓi taɓarya ta juya da kanta. Ta sa aka ɗora man a wuta, ta tsaya tana kallo. Babu kumfa, sai ƙamshi da ya cika gidan. Tsohuwa ta miƙa musu ƙuli mai zafi tana cewa, "Ku ci, na surukata ne. Kaf layin nan babu hannu irin nata."

Amatullah ta juya da sauri kamar mai gyara itace, don kada a ga idonta.

Matan suka ɗauki nasu bidiyon suka ɗora. Hajiya Hansai ta ce daga yau duk mai canji ta kawo gorarta gidan abincinta, ita za ta tsaya a kai. Oda ta fara dawowa, amma a hankali. Wasu sai da suka yi wata uku, wasu ba su sake dawowa ba har yau.

Shi kuwa Almustapha, mai ya yi masa kwantai a shago, tunda kowa yanzu rubutun biro yake dubawa. Wasu da suka saya a hannunsa suka kai kuka wurin shugabannin 'yan kasuwa. Aka bincika shagon aka samu jarkoki da ragowar sitika. Aka ce za a rufe shagon a miƙa shi ga hukuma.

Inna Hajjo ta kira da safe tana kuka har maganarta ba ta fita. Amatullah ta ajiye wayar ta zauna. Ba ta roƙi Mahadi komai ba, don ta san abin da ya riga ya rasa. Shi ne ya dube ta, ya shiga ɗaki ya sako hula.

"Ina za ka?" in ji Tsohuwa.

"Funtua."

A kasuwa shugaban ya ce masa, "Malam Mahadi, kai aka cuta. Me kake so a yi?"

Almustapha na tsugune a gefe, ya kasa ɗaga kai. Mahadi ya ce, "A ƙona sitikun a gabana. Man kuma kada a sake sayar wa kowa don ci. Amma shagon a bar masa, Alhaji. Gida guda ke ci daga cikinsa, har da surukata."

Aka yi wa Almustapha kashedi mai zafi, aka yi yadda Mahadi ya ce.

Bayan sati ɗaya Inna Hajjo ta zo Ƙarfi da ƙafarta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo amarya. Ta zauna da Tsohuwa suka gaisa. Sai Inna ta ce, "Na zo ne in faɗa a gabanki, na zalunci yarinyar nan. Ita ce mai gaskiya, na ɗaure mata baki."

Tsohuwa ta gyara zama. "Ai ni ma na ce ta kama hanya. Da ta biye min, da yanzu ni ce mai kuka."

Amatullah ta durƙusa tsakaninsu tana cewa ita ba a yi mata komai ba. Inna ta dafa kanta ta sa mata albarka, ta daɗe tana sawa.

Almustapha ya ƙi shigowa. Yana ƙofar gida tare da Mahadi, yana zane ƙasa da tsinke. Da ƙyar ya ce, "Mahadi, na ji kunya." Sai ga Amatullah ta leƙo daga zaure. Almustapha ya miƙe.

"Amatu... ki yafe."

"Na yafe, Yaya. Shigo, abinci na hucewa."

Da kaka ta zagayo, oda ta fi ƙarfin gonarsu. Mahadi ya riƙa sayen gyaɗar maƙwabta, shi ke zaɓa da hannunsa buhu-buhu, mata huɗu na layin kuma suka shigo aikin matsa ana biyan su. A ƙarshen shekarar Amatullah ta haifi 'ya mace, Mahadi ya yi wa Inna Hajjo takwara.

Ranar suna wata ƙawarta da ke son fara sayar da yaji ta ja ta gefe ta ce ta koya mata sirrin talla. Amatullah ta ce, "Ki nuna wa mutane aikinki, ki ba su su ɗanɗana, ki amsa saƙo ko da zagi ne. Amma ki sani, bidiyo da sitika sau ɗaya suke kawo miki mutum. Abin da ke cikin gorar shi ke dawo da shi."

Haka Allah ya warware musu. Da Amatullah ta bi son ran yayanta don tsoron fushin gida, da ta rasa sunanta. Da ta rama ta tona shi, da ta rasa albarkar uwa. Da Mahadi ya tsaya a kan fushinsa, da ya rasa matar da ta riƙe masa gida. Gaskiya suka riƙe, suka yi haƙuri da juna da iyayensu a lokacin da haƙurin ke da ɗaci, sai ga shi sana'ar ta dawo, zumunci ya dawo, auren kuma ya fi da ƙarfi. Duk mai neman halal ya tsare amanar wanda ya yarda da shi, ko da a cikin gidansu aka ce ya sake ta.